Bayani Ga 'Yan Kaji Da Masu Kiwo A Gida: Yadda Za A Tsare Kaji Daga Zafin Bazara

 Ga bayani a kan kaji. Mu masu sayar da hatsi muna gane shigowar bazara tun daga bakin buhu, domin mai sayen tsaki da dusa tiya biyu sai ya koma tiya guda, ya ce kajin sun daina ci. Daga nan sai ƙwai ya ragu, sai mutuwa ta biyo. Alhali maganin abin bai kai kuɗin kaza guda ba.

Ku sani kaza ba ta gumi. Zafin jikinta a ma'auni wajen 41 ne, ga gashi ya lulluɓe ta. Ta fi jin daɗi in iska tana tsakanin 18 da 24, in ta wuce 30 wahala ta fara. To a watan Afrilu da Mayu zafin rana a Kano yakan kai 40, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai har ya ɗara. Dabararta ita ce ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta rage ci. Hakin nan mai yawa shi ke taɓa sinadarin da ke gina ɓawon ƙwai. Shi ya sa ƙwan bazara ƙanana ne, ɓawonsu ba ƙwari, suna fashewa a hanya. Kajin turawa masu ƙiba su suka fi saurin faɗuwa, na gida da zabi sun fi juriya.

Na farko, inuwa. Akurkin da aka rufe da kwano tanda ne da azahar. A shimfiɗa zana ko karan dawa ko ciyawa a bisa kwanon, a bar ɗan fili tsakani don iska ta ratsa. Wanda ya samu farar ƙasa ya shafe kwanon da ita. In akwai darbejiya ko mangwaro a gida, a mai da akurkin ƙarƙashinsa. A buɗe kafofi ta gefe biyu, a sa raga saboda muzuru.

Na biyu, ruwa. Kaza mai ƙwai takan sha wajen rubu'in lita a yini, da zafi kuwa sai ta ninka. Ke nan kaza 10 galan guda ba lalle ya ishe su ba. Kuma ruwan da ya ɗumama a roba ko tasa ba sa shan sa sosai. A ɗebo daga randa, a zuba a kasko, a binne gindin kaskon cikin damshin yashi a inuwa. A canja da hantsi da azahar da la'asar. Kasko biyu ya fi guda, don manya na hana ƙanana. A jefa tsakuwa ciki kada 'yan tsaki su nutse.

Na uku, lokacin ba da abinci. Wannan kam fanninmu ne. Hatsi in ya shiga ciki yana ta da zafi wajen narkewa, bayan 'yan awoyi. Wanda ya cika musu masara da hantsi, zafin ciki da na rana za su haɗu musu da azahar. A ba su da asuba, a ɗauke da hantsi, a mayar bayan la'asar. Tsakar rana ganyen zogale da ɓawon kankana sun wadatar. Dusar da aka jiƙa kada ta yini, tsami take yi.

Na huɗu, tsohon buhun algarara. A jiƙa shi a rataye ta inda iska ke shigowa. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka buhun ke sanyaya iska. Yana aiki ne sa'ad da iska take a bushe. In hadari ya fara haɗuwa, gari ya yi gumi, a cire shi a bar iska kawai. A yayyafa ruwa a wani lungu na ƙasa su yi birgima, amma kada ƙasan akurki ta zama caɓi.

To ku dillalai da masu fataucin kaji daga kasuwannin ƙauye, asararku a hanya take. A yi lodi da dare ko da asuba. A rage yawan kaji a kowane keji. Wanda ya cusa 20 a wurin 15 don rage kuɗin mota, in 2 suka mutu ina ribar? Kada a rufe keji da leda ko tamfal. In mota ta tsaya, a nemi inuwa. Da an sauke, ruwa kafin tsaba. Ƙwai kuma kada ya yi kwanaki a rumfar kwano, a sayar da wuri.

In kaza ta kwanta tana haki, a kai ta inuwa, a tsoma ƙafafunta cikin ruwan randa, a jiƙa ƙarƙashin fukafukai, a yi mata fifita. Ban da ruwan ƙanƙara. Wadda zafi ya buge takan farfaɗo in gari ya yi sanyi. Amma in ana ganin koren zawo da murɗewar wuya, suna mutuwa bi da bi, wannan annoba ce. A ware su, a kira malamin dabbobi, kada a kawo su kasuwa a shafa wa na jama'a.

Wanda ya fitar da kajinsa lafiya daga bazara, shi ke da abin sayarwa sa'ad da na wasu suka ƙare. A fara gyaran akurki tun watan Maris. Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Wassalam.