Kwana uku a ofis, biyu a gida

Duk mai bin labaran kasuwanci zai ɗauka zamanin aiki daga gida ya shuɗe. A watan Satumbar 2024 shugaban Amazon, Andy Jassy, ya sanar cewa daga farkon 2025 ma'aikatan ofis za su koma zuwa kwana biyar a mako. Bankin JPMorgan ya bi sahu, shi ma Donald Trump, ranar da aka rantsar da shi a Janairun 2025, ya umarci ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka su koma kan teburansu. Sai dai alƙaluma ba su bi wannan amo ba. Kafin annobar korona, ranakun da Amurkawa ke aiki a gida ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Lokacin kullen 2020 suka haura rabi, daga baya suka sauko zuwa wajen kashi ɗaya bisa huɗu, kuma tun 2023 ba su gusa sosai daga nan ba. Abin da ya zauna da gindinsa shi ne raba mako tsakanin gida da ofis, kuma a ganina shi ne daidai, amma da sharaɗin kowa ya zo rana ɗaya.

Hujja mafi ƙarfi daga Shanghai ta fito. Kamfanin Trip.com da ke can ya yi gwaji da ma'aikata 1,612, aka raba su gida biyu bisa ranar haihuwa don kada son rai ya shigo. Rukuni ɗaya ya ci gaba da zuwa kullum, ɗayan kuma aka ba shi Laraba da Juma'a a gida. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon a mujallar Nature a 2024: masu ajiye aiki sun ragu da kashi ɗaya bisa uku, musamman mata da masu doguwar tafiya zuwa ofis, alhali ba a ga bambanci a ƙwazo ko ƙarin girma ba har bayan shekara biyu. Manajojin da suka shiga gwajin da zargin aiki zai lalace sun fito da akasin ra'ayinsu. A lura da abu guda: ba a ce kowa ya zaɓi ranar da ya ga dama ba. Ranakun a ƙayyade suke, don haka Litinin da Talata da Alhamis kowa na ganin kowa.

Masu adawa na da magana, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa sabon ma'aikaci ba a takarda yake koyon aiki ba, a gefen na gaba da shi yake koya, kamar yaron tela da ke tsintar yankan riga ta kallon hannun maigidansa. Wani bincike da Natalia Emanuel da Emma Harrington da Amanda Pallais suka yi kan injiniyoyin manhaja a Amurka ya gaskata su: waɗanda ke zaune gini ɗaya da abokan aikinsu sun fi samun gyara da shawara, kuma ƙananan ma'aikata ne suka fi cin moriya. Matashin da zai juyo da kujera ya ce "don Allah duba min wannan" zai ji nauyin kiran babba ta bidiyo kan ƙaramin abu. Amma wannan hujja zaman gida na dindindin take rusawa. Kwana uku tare sun ishi koyo, in dai babban yana nan ranar da ƙaramin ya zo. Ɓarna na faruwa ne inda mutum zai sha cunkoson hanya, ya tarar da ofis wayam, ya wuni yana taro ta kwamfuta da mutanen da ke gidajensu. Kamfanin da ya gamu da wannan, tsara ranaku ne ya gagare shi, sai ya ɗora laifin kan gida.

A Najeriya batun ya shigo ne ta ƙofar tsadar mai. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, jihohin Kwara da Edo sun rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako. Sauƙi ne ga aljihu, ba shakka, amma kiransa aiki daga gida sai an yi hattara. Inda fayil ke yawo a hannun masinja daga tebur zuwa tebur, ranar da akawu bai zo ba fayil ɗin kwana yake a durowa, mai neman fansho kuma ya koma gida da "a dawo jibi". Kafin tsarin ya yi aiki sai takardu sun koma kwamfuta, sai kuma an fayyace wa zai biya kuɗin data da man janareta, don idan ma'aikaci ne, abin da ya tsira da shi a kuɗin mota can zai ƙare.