Zaɓen Kayan Faɗaɗa Na'urar Amsa Kira

Na'urar amsa kira ita ce muryar da ke cewa "danna ɗaya don duba kuɗinka" idan an kira banki. Idan masu kira suka yi yawa, sai a faɗaɗa ta.

Daga cikin kayan da ake faɗaɗa ta da su akwai Asterisk da Twilio. Manhajar Asterisk, wadda Mark Spencer ya ƙirƙira a 1999, kyauta ce, amma sai kamfani ya tanadi kwamfutoci da ƙwararrun masu kula da su. Twilio kuwa haya ce ta intanet, ana biya gwargwadon mintunan kira.

Kafin a zaɓa, ana duba yawan kiran da za a ɗauka lokaci guda, da sauƙin haɗawa da rumbun bayanan kwastomomi, da harsunan masu kira, domin manhajojin gane magana sun fi ƙwarewa a Turanci bisa Hausa.