BABI NA UKU: ZAƁEN ALLURA DA SAURAN KAYAN JUYAR DA FAIFAN GARMAHO ZUWA KWAMFUTA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda waƙoƙin baka na Hausa suka shiga faifai, da kuma yadda kaset ya ture faifan daga kasuwa. A wannan babi kuwa za a dubi kayan aikin da mai nazari yake bukata idan yana son ya kwashe sautin da ke cikin faifai ya adana shi a kwamfuta. Ra'ayin da babin ya ginu a kai shi ne, faifan da ke hannu shi ne yake zaɓen kayan aiki, ba tsadar kayan ko sunan kamfanin da ya ƙera su ba. Dalili kuwa, waƙoƙin makaɗa irin su Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, sun fito a faifai, kuma faifan da ya rage a hannun jama'a galibi ya sha jiki. Duk abin da allura ta kasa karantowa daga cikinsa, babu wata kwamfuta da za ta iya mayar da shi. Abin da ya fi haka muni shi ne allurar da ba ta dace ba tana iya cinye faifan, alhali ta yiwu shi kaɗai ne ya rage.

3.1 Ire-iren Faifai da Faɗin Kwarminsu

Bahaushe da "faifan garmaho" yake kiran su duka, amma a haƙiƙa iri uku ne. Na farko shi ne mai juyi 78 a minti ɗaya, wanda ake yi da shalak, wato wani irin ƙaro da ƙwari ke samarwa a ƙasashen Indiya da Tailan. Yana da nauyi, yana fashewa kamar tangaran, kuma kowane gefe nasa ba ya wuce kimanin minti uku idan mai inci 10 ne. Na biyu shi ne babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a Amurka a 1948. Na uku shi ne ƙaramin mai juyi 45 na kamfanin RCA Victor, wanda ya biyo baya a 1949. A Afirka ta Yamma an ci gaba da sayar da mai juyi 78 har cikin shekarun 1960, don haka ba abin mamaki ba ne a tarar da duka ukun a akwati ɗaya.

Abin lura a nan shi ne faɗin kwarmi, wato siririyar hanyar nan da allura ke bi. Kwarmin faifan shalak ya ninka na faifan roba faɗi kusan sau uku ko huɗu. Ana auna tsinin allura da ma'aunin mil, wanda yake daidai da kashi ɗaya cikin dubu na inci. Faifan roba yana bukatar tsini mai mil 0.7 ko ƙasa da haka, na shalak kuwa mil 2.5 zuwa 3. Idan aka sa siririyar allura a kan faifan shalak, sai ta nutse har ƙasan kwarmi inda babu komai sai datti, ta riƙa lilo tsakanin bangayen biyu, abin da za a ji shi ne shuuu mai yawa da murya kaɗan. Idan kuwa aka sa mai kauri a kan faifan roba, ba za ta zauna ba, tsalle za ta yi ta yi.

3.2 Gidan Allura

Gidan allura, wanda masu sana'ar ke kira katirij, shi ne ɗan akwatin da ke maƙale a ƙarshen hannun garmaho. Aikinsa shi ne mayar da karkarwar allura ta zama ƙaramar wutar lantarki. Iri biyu ne suka fi shahara a wurin masu aikin ƙwarai. A na farko maganaɗisu ne ke maƙale da sandar allura yana motsi a gaban naɗin waya, shi ake yi wa alamar MM. A na biyu kuwa naɗin wayar ne ke motsi, maganaɗisun yana tsaye, alamarsa MC.

Masu sha'awar sauraron kiɗa a ƙasashen Turai da Japan sun fi yabon MC, suna cewa ya fi fitar da sauti dalla-dalla. Wannan nazari bai musa ba, sai dai yana ganin bai dace da aikin da ke gabanmu ba. Wutar da MC ke fitarwa ƙanƙanuwa ce, kimanin milibolt 0.2 zuwa 0.5, alhali MM yana ba da milibolt 3 zuwa 5. Ke nan MC yana bukatar ƙarin ƙarfi ninki goma, kuma duk wani ƙugi da ke cikin wayoyi shi ma za a ninka shi. Babban dalili ma shi ne, yawancin MC ba a cire musu allura. In ta karye ko ta cinye, sai an mayar da gidan ɗungurungum zuwa kamfani. Shi kuwa MM, zare allurar ake yi da hannu a sa wata, ba tare da an taɓa saitin hannu ba. Ga wanda zai juya faifan shalak da safe, na roba da rana, wannan shi ne abin da ya raba gardama.

A da, gidajen rediyo sun fi amfani da na kamfanonin Shure da Stanton. Shure ya daina ƙera su a 2018. Daga cikin misalan da suka dace akwai jerin VM95 na Audio-Technica, wanda gida ɗaya yake karɓar allurai daban-daban, har da mai mil 3 ta faifan shalak, sai kuma 2M 78 na kamfanin Ortofon na ƙasar Denmak. Akwai wani iri na uku mai ɗan dutsen tangaran a ciki, wanda ake samu a ƙananan garmaho masu kama da jaka da ake jonawa kai tsaye da kwamfuta. Araha gare su, amma suna danna faifai da nauyin giram biyar ko fiye, kuma ba su da wurin saiti. Bai kamata a ɗora musu faifan da ba shi da na biyu ba.

3.3 Siffar Tsinin Allura

Nan ne ya kamata mai nazarin waƙa ya fi tsayawa. Tsinin allura na lu'ulu'u ne, kuma ana feƙe shi siffa-siffa. Akwai mulmulalle mai kama da kan tsinke, akwai mai siffar ƙwai wanda ya fi sirantaka ta gefe, sannan akwai mai kaifin layi wanda ke taɓa bangon kwarmi daga sama zuwa ƙasa.

Bambancin yana fitowa ne a sirirun sautuka. Sauti mai kauri, kamar na ganga, manyan lanƙwasa yake yi a kwarmi, kowace allura za ta bi su. Amma baƙaƙe irin su s da sh da ts da c, da ƙarar kuge ko caccakar shantu, ƙananan lanƙwasa ne matsattsu. Kuma tun da faifai yana juyawa ne da sauri ɗaya, kwarmin da ke kusa da tsakiya ya fi na baki gajarta, don haka lanƙwasan sun fi cunkushewa a can. Mulmulallen tsini ba ya iya shiga cikinsu sosai. Shi ya sa ake jin waƙar ƙarshe a gefen faifai tana fita da hayaniya, muryar 'yan amshi ta cakuɗe. Ga mai sauraron nishaɗi wannan ƙaramin abu ne. Ga ɗalibin da zai rubuta matanin waƙa kuwa, yana iya kasa bambance "sara" da "tsara" ko "shara", sai ya cika da ka, kuskuren kuma ya shiga kundi wasu su kwafa.

Duk da haka ba a ce mai kaifin layi ya fi a kowane hali ba. Yana bukatar saiti na ƙwarai, kuma a kan faifan da ya karce yana kwaso kowane tabo. Wani lokaci mulmulallen ya fi rufa wa tsohon faifai asiri. Sai an gwada.

Dangane da faifan shalak kuwa, akwai wata dabara. Garmaho mai wani da hannu yana amfani ne da allurar ƙarfe, wadda kan ke danna ta da nauyin da ya haura giram 100. Ka'ida ita ce a sauya allurar bayan kowane gefe, amma mutane kaɗan ne suka kiyaye. Saboda haka bangon kwarmin ya cinye a wani mataki guda, wato inda ƙarfen ya saba gurzawa, alhali sama da shi ko ƙasa da shi yana nan lafiya. Ma'aikatan taskokin sauti sukan ajiye allurai masu girma daban-daban, daga mil 2 zuwa mil 4, su gwada ɗaya bayan ɗaya har su sami wadda ta sauka a inda ba a taɓa ba. Faifan da aka fid da rai da shi yana iya fitar da murya garau ta wannan hanya.

Har ila yau, ko da faifan mai murya ɗaya ne, wato wanda ba sitiriyo ba, ya fi kyau a karanta shi da gidan allura na sitiriyo. Ta haka ake ɗaukar bangon hagu daban, na dama daban. Sau da yawa ɗaya ya fi ɗaya lafiya, sai a zaɓa daga baya.

3.4 Injin Juya Faifai da Matsalar Wuta

Injin dole ya kasance yana da duka juyin uku, da wurin ƙara sauri ko rage shi, domin tsofaffin faifan shalak ba duka aka yanka a kan 78 cif ba. Haka kuma hannunsa ya zama mai ma'aunin nauyi. Allurar faifan roba kusan giram 2 take bukata, gwargwadon abin da kamfani ya rubuta. Wasu suna ɗauka rage nauyi tausaya wa faifai ne. Ba haka ba ne, domin allurar da ba ta zauna daram ba dukan bangon kwarmi take yi, ta fi mai ɗan nauyi ɓarna.

Akwai wata matsala da ta shafi wannan ƙasa musamman. Wutar Nijeriya da Nijar tana tafiya ne a kan 50 Hz, ta Amurka kuwa 60 Hz. Injuna da dama masu bel suna ɗaukar saurinsu ne daga wannan adadi. Idan aka sayo na gwanjo da aka yi don Amurka, ko an sa masa taransifoma zai yi tafiya da ragin kashi ɗaya cikin shida, muryar mawaƙi ta yi kauri kamar ba shi ba. Haka nan janareta ba ya tsayawa a kan 50, yana hawa yana sauka bisa ga kayan da aka ɗora masa. Sauyin 2 Hz kawai ya isa ya karkatar da sauti da kashi 4 cikin ɗari. Wannan ba ƙaramar illa ba ce ga wanda ke nazarin amon kalangu ko kuntigi, ko yake auna saurin kiɗa. Maganin shi ne inji mai juyi kai tsaye wanda ke da agogon kwas a cikinsa, kamar dangin SL-1200 na Technics. Sai dai a lura, samfurin MK2 na 1979, wanda ya fi yawa a kasuwar gwanjo, ba shi da juyi 78. Samfurin MK7 na 2019 yana da shi.

3.5 Amfilifayar Share Fage da Na'urar Mayar da Sauti Lambobi

Lokacin yanka faifan roba, ana rage sauti mai kauri a ƙara siriri da gangan, don kwarmi ya ƙanƙance kuma murya ta rinjayi shuuu. Wajen sauraro sai amfilifaya ta juya lissafin. Wannan tsari shi ake kira RIAA, an tsayar da shi a Amurka a 1954, kuma bambancinsa ya kai kimanin desibel 20 a kowane ɓangare. Faifan shalak da aka yi kafin nan ba su bi shi ba, kowane kamfani da nasa tsarin. Idan aka bi da su ta amfilifayar RIAA, sai ta yanke sirirun sautuka fiye da kima, waƙar ta fita kamar daga cikin tulu, baƙaƙen nan da aka ambata a sama su ɓace. Don haka a nemi amfilifayar da ake iya sauya wa tsari, ko wadda ke ƙara ƙarfi zalla, a yi gyaran a kwamfuta. Gidan allura na MM yana bukatar mashiga mai kilo'om 47 da gajerun wayoyi. Akwai kuma siririyar wayar ƙasa da ke fitowa daga injin, wadda in ba a ɗaure ta a jikin amfilifaya ba za a yi ta jin ƙugi.

Ramin makirufo na kwamfuta bai dace da wannan aiki ba. Na'ura ta daban ake jonawa. Ƙungiyar taskokin sauti ta duniya, IASA, a cikin jagoranta mai suna TC 04 wanda aka sake bugawa a 2009, ta nemi kada a yi ƙasa da 48 kHz da bit 24, kuma ta fi son 96 kHz, a ajiye a tsarin WAV. A wannan mataki sa'a ɗaya ta sitiriyo tana cin kimanin gigabait 2. Ana barin sarari kada sauti ya kai ƙololuwa, domin ƙaras-ƙaras ɗin karce yakan fi waƙar kanta ƙarfi. Kwafin farko ba a goge masa komai, ba a matse shi zuwa MP3. Duk wani gyara a kan kwafi na biyu ake yi.

3.6 Wanke Faifai Kafin Ɗora Allura

Ƙurar hunturu abokiyar gabar allura ce, kuma bushewar iska a lokacin tana sa faifan roba ya riƙa jawo ƙurar da kansa. Allurar da ta bi ta kan ƙura tana niƙa ta ne cikin kwarmi. Ana wanke faifai da tataccen ruwa irin wanda ba shi da gishiri, da ɗigon sabulun ruwa marar turare da burushi mai laushi, a bi zagayen kwarmi, a kiyaye takardar tsakiya. Ba a kusantar da sifirit ko wani abu mai barasa ga faifan shalak ko kaɗan, domin narkar da shi yake yi. Kuma ba a shanya faifai a rana, a inuwa ake jingina shi a tsaye har ya bushe. Kafin a mayar da shi cikin sabuwar riga, a ɗauki hoton takardar tsakiya ta kowane gefe, a kuma rubuta lambar da aka zana a jikin faifan kusa da ita, tare da girman allurar da aka yi amfani da ita da saurin da aka juya shi.