Bayan takardar saki: ina yaran Lamorde ke komawa?

Lamorde tsohon garin Fulani ne a gaɓar dama ta kogin Kwara, wanda birnin Yamai ya haɗiye har ya zama unguwa a gunduma ta 5. Jami'ar Abdu Mumuni da asibitin ƙasa na Lamorde sun jawo ma'aikata da ɗalibai da ƴan haya, Zabarmawa da Hausawa da sauransu. Idan aure ya mutu a nan, maganar kan bi ta hannun dangi, ko liman da mai unguwa, ko Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, ko kotu. A duk inda aka zauna, a kan daɗe kan idda da kayan ɗaki, sai an kusa tashi a tuna da yara.

Abubuwan da ke kashe auren sanannu ne: kuɗin haya, tsadar hatsi, kishiya, doguwar tafiyar ci-rani, da auren wuri. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18. Ambaliyar 2012 da ta 2020 kuma ta rusa gidaje a wannan gaɓa, ta raba iyalai a gidajen ƴan'uwa da azuzuwan makaranta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Nijar ba ta da kundin dokar iyali; yunƙurin shekarun 1990 da na 2011 duk sun ci tura. Alƙali kan yi hukunci da al'adar ma'auratan, da taimakon masana al'ada da ke zama tare da shi. Al'adar da ta fi ƙarfi ita ce uba ya karɓi ɗansa bayan yaye ko a wajen shekara 7, alhali a fiƙihun Malikiyya reno haƙƙin uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma ta tare a ɗakinta, muddin uwar ba ta sake aure ba.

Daga nan ne shekarun yaro ke yin tasiri. Jariri bai san saki ba, amma jikinsa ya sani. Uwa ta koma gidansu, ciyarwa ta tsaya, ta fita wankau ko sayar da ƙosai, a yi masa yayen dole, a manta da ranar rigakafi. Wani bincike da Thiombiano da abokan aikinta suka wallafa a 2013 kan maƙwabciya Burkina Faso ya gano cewa ƴaƴan da iyayensu suka rabu sun fi fuskantar mutuwa kafin shekara 5, sun kuma fi jinkirin shiga makaranta.

Mai shekara 3 zuwa 6 ya san wani ya ɓace, bai san dalili ba, sai ya ɗora wa kansa laifi. Fitsarin kwance kan dawo, ya riƙe zanen kakarsa ko bayan gida za ta. Manya su ce rigima ce, su sa bulala.

Shekara 7 ce mahaɗar da ta fi zafi, domin lokacin da uba ke aiko a kawo masa ɗansa shi ne lokacin fara lakwal. Yaro ya bar uwa, ya bar abokai, ya ƙetare gadar Kennedy zuwa ɗakin matar uba, wani lokaci takardar haihuwarsa na can cikin akwatin uwa. Malami ne kan fara ganewa: littafi babu aikin gida, gyangyaɗi tun da hantsi. Namiji a kan miƙa shi almajirci don a huta da gardama, mace kuma a ɗora mata tiren talla da tulin wanke-wanke. Wanda ya bi uwa gidan sabon miji ya zama agola, yana ci yana kallon fuskar mai gida.

Matashi ya fahimci komai, shi ya sa ake mai da shi ɗan aike: «Je ka ce wa ubanka kuɗin magani.» Saurayi kan gudu zuwa fadar samari ko sana'ar kabu-kabu kafin jarrabawar BEPC, budurwa kan karɓi mijin farko da ya fito don ta bar gidan, ta shiga irin auren da ya fi saurin mutuwa.

Sai dai ba kowane saki ne asara ga yaro ba. Nazarin Amato da Keith na 1991 a Amurka ya nuna faɗan iyaye na cikin manyan abubuwan da ke cutar da yara, ko an rabu ko ana tare. Gidan da duka ya ƙare ya fi wanda ake zaman haƙuri da zagi. Kaka da goggo da kawu ma garkuwa ce, sai dai ɗaki ɗaya na haya ba ya ɗaukar abin da gidan gandu ke ɗauka.

Saboda haka gyaran yana hannun masu raba auren. Liman ko alƙalin da zai sa hannu a takarda ya fara da yara: wa zai riƙe, jaka nawa a wata, wace makaranta, wace rana za a kai su ganin ɗayan iyayen. Kuma kada a ɗauke yaro daga hannu zuwa hannu a tsakiyar shekarar karatu.