Hukuncin Odar Mota Tun Ba a Ƙera Ta Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu sauraro a Dogon Dutsi da Tibiri da sauran ƙasar Arewa, karatunmu na yau a kan cinikin abin da ba a riga an ƙera ba ne. Attajiri ya nufi Yamai wurin wakilin kamfanin motoci, kamar CFAO mai wakiltar Toyota, ya faɗi samfurin da yake so, da launi, da yawan kujeru, da injin fetur ko na gas. A rubuta masa takardar oda, ya bayar da wani abu daga cikin kuɗin. Wakili ya aika wa masana'anta, a ƙera motar, a ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa Lome ko Kwatano, a biya duwan, bayan watanni ta iso.

Ƙa'idar malamanmu na Malikiyya ita ce, duk abin da aka siffanta ya zama bashi a wuyan mai sayarwa, hukuncinsa hukuncin salam ne. Sharaɗin salam kuwa a san siffa, a san ajali, a kuma biya kuɗin dukansu a wurin ƙulla ciniki, ko cikin kwana 3. In aka biya rabi aka jinkirta rabi har motar ta iso, an faɗa cikin sayar da bashi da bashi, wanda aka hana. A nan mafi yawan masu oda ke tuntuɓe ba su sani ba.

Hanafawa sun ware wannan ciniki da suna istisna'i, suka halatta jinkirta kuɗin, domin Manzon Allah (SAW) ya sa an ƙera masa zobe da mumbari, kuma mutane ba su gushe suna ba maƙera da majema aiki ba. Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta ɗauki wannan a shekarar 1992. Mu ba mu zargin wanda ya bi ta, ko da yake abin da ya fi kwanta mana a rai ga mai iko shi ne ya biya duka.

Sai kafin alƙalami. Idan an sharɗanta cewa in mai saye ya fasa, wakili ya cinye abin da ya karɓa, wannan shi ne urbunu, kuma Imamu Malik ya hana shi, Imamu Ahmad ya halatta. Saboda haka a sa wanda ya iya Faransanci ya karanta wannan sharaɗi kafin a sa hannu, kuma a nemi a rubuta cewa kuɗin zai dawo.

Ayar bashi ta Suratul Baƙara ta umurce mu da rubutu da shaidu. A rubuta farashi, da ranar miƙawa, da wanda zai ɗauki kuɗin duwan. Ranar da motar ta iso a gwada ta da takarda siffa bayan siffa, har da lambar shasi. In an ce fara aka kawo baƙa, mai saye yana da haƙƙin ƙin karɓa. Kuma in ta salwanta a teku ko a hanya kafin ya karɓe ta, hasarar tana kan mai sayarwa. Wallahu a'alamu.