Fitilun Ƙuryar Sama Masu Haske Da Dushewa

A shekarar 1963 wani masanin ilmin taurari ɗan asalin ƙasar Holan, mai suna Maarten Schmidt, ya auna hasken wani ɗigo a sama da babban madubin hangen nesa na Dutsen Palomar a Amurka. Ɗigon, wanda ake kira 3C 273, ya yi kama da tauraro, amma sai aka tarar haskensa ya yi tafiyar shekara fiye da miliyan dubu biyu kafin ya iso duniya. Ashe cibiyar wani gungun taurari ce, wadda haskenta ya ninka na dukan taurarin gungunmu wajen sau ɗari.

Cikin shekarar nan kuma Harlan Smith da Dorrit Hoffleit suka binciki tsofaffin hotunan sama na Jami'ar Harvard, suka ga hasken nan yana ƙaruwa yana raguwa. Nan fa masana suka yi tsuru-tsuru, domin kuwa babu abin da zai sauya haskensa gaba ɗaya da saurin da ya fi lokacin da haske ke ɗauka ya ratsa shi. Watau in abu ya dushe cikin wata guda, faɗinsa bai wuce tafiyar haske ta wata guda ba, alhali gungunmu sai haske ya shekara dubu ɗari kafin ya ƙetare shi. Me zai fid da wannan wuta daga ɗan wuri haka? Amsar da masana suka tsaya a kai ita ce baƙin rami mai nauyin rana miliyoyi, wanda iskar gas ke kewaya shi kamar faifai, tana ƙuna kafin ya haɗiye ta.

Kowane irin haske da nasa saurin. Hasken eksire, mai fitowa daga bakin ramin, yakan sauya cikin sa'o'i. Wanda ido ke gani, na faifan, sai kwanaki ko makonni. Igiyar rediyo kuwa takan ɗauki watanni, har shekaru. Da wannan jinkiri ake awon wurin da babu madubin da ya isa ya rarrabe shi, kamar yadda mai kira a gindin dutse ke sanin nisansa daga jinkirin amsa-kuwwa. A 2014 madubin Hubble da kumbon Swift sun zuba wa gungun NGC 5548 ido wata da watanni, aka ga hasken da ya zarce shuɗi ne ke fara motsi, na ido ya biyo baya da 'yan kwanaki. Sai dai jinkirin ya ninka abin da lissafi ya nuna wajen sau uku, kuma har yanzu ana muhawara kan dalili.

A watan Yuli na 2006 na'urorin H.E.S.S. da ke Namibiya suka kama cibiyar PKS 2155-304 tana sauya hasken gama cikin 'yan mintoci, lokacin da bai ma kai minti takwas ɗin da hasken rana ke yi kafin ya iso mu ba. Masana sun danganta wannan da feshin wutar da ramin ke harbowa saitin duniya da gudun da ya kusa na haske.