Dillalin Marubuci: Sai An Sallama Yake Cin La'ada

Daga Wakilinmu na Arewa, Dilimi, Jos

Duk wanda ya san unguwar Dilimi ta cikin garin Jos ya san wurin ciniki ne. Tun daga 'Yan Taya har zuwa rumfunan masu kayan gyaran mota, da wuya a ƙulla ciniki mai kauri ba tare da wani ya shiga tsakani ba. To, amma akwai wata haja da take kwance a akwatunan samari da 'yan mata a nan Jos, da Kano, da Zariya, har da zangonnin Hausawa na Kurmi, wadda ta rasa dillali. Hajar kuwa ita ce rubutu. Mutum zai hana idonsa barci ya cika littafi uku ko huɗu da labari, sa'an nan ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

'Yan'uwanmu mazauna Agege, da Idi-Araba, da Sabo ta Badun ba su bukatar a koya musu dillanci. Mai shanu ya sauka gidan maigidansa, dillali ya nemo mahauci, a taya, a yi albarka, a ƙara, a sallama, sa'an nan dillali ya sami la'adarsa. Ba a taɓa jin an biya la'ada saniya tana ɗaure a turke ba. Mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne kan maganarmu ta yau.

WANE NE DILLALIN MARUBUCI?

A ƙasashen Ingila da Amurka akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai shiga tsakanin marubuci da kamfanin buga littattafai. Ejan ake ce musu. Wani mutumin Sikotilan mai suna A. P. Watt shi ake ɗauka ya fara wannan sana'a a Landan wajen shekarar 1875. Aikin ejan shi ne ya karanta rubutu, in ya ga zai karɓu ya ba da shawarar gyara, ya kai shi ga editocin da ya san irin abin da suke nema, ya ja ciniki har a tsayar da kuɗin kafin alƙalami da kason da marubuci zai riƙa samu a kan kowane kwafi. Shi ne kuma mai sa ido kan yarjejeniya, kada a haɗa da haƙƙin fassara ko na sinima a sayar a kuɗin goro.

La'adarsa sananniya ce: galibi kashi 15 cikin 100 na abin da marubuci ya samu a gida, da kashi 20 in an sayar a wata ƙasa ko an fassara. Watau in kamfani ya biya fam 1,000, ejan ya cire fam 150, saura na mai rubutu. In littafi bai sayu ba, ko kwabo ba ya samu. Saboda haka ne ƙungiyoyin masu wannan sana'a a Ingila da Amurka suka hana 'ya'yansu karɓar kuɗin karanta rubutu.

Hatta manya sun sha wuya kafin su dace. A 1957 Chinua Achebe, yana ma'aikacin gidan rediyo a Ikko, ya ɗauki kwafinsa guda ɗaya tak na rubutun hannu ya aika wa wasu masu buga tafireta a Landan, haɗe da fam 22. Suka karɓe kuɗi suka yi shiru wata da watanni, sai da shugabarsa a wurin aiki, Angela Beattie, ta je hutu ta taka har ofishinsu ta yi musu tas. Daga nan rubutun ya shiga hannun wani ejan da marubuci Gilbert Phelps ya nuna masa. Kamfanoni da dama suka ƙi, kana Heinemann ya buga kwafi 2,000 na Things Fall Apart a watan Yuni 1958.

MU A AREWA FA?

Gaskiyar magana ita ce adabin Hausa bai tashi da ejan ba, da gasa ya tashi. A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarai da boko. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Baturen nan shi ne mai nema, shi ne mai gyara, hukumarsa ce kuma mai bugawa.

Haka aka ci gaba. Aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, hukumar NORLA ta yi zamaninta a shekarun 1950, sa'an nan NNPC ya zo a 1966. Gasar da NNPC ya shirya ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, waɗanda aka buga a 1980. Gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya kuwa ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982.

Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta. Marubuta ba su zauna jiran gawon shanu ba. A Kano suka haɗa kai cikin ƙungiyoyi irin su Raina Kama, kowa ya tara kuɗinsa ya kai maɗaba'a, ya ɗauki kayansa ya kai wa 'yan kasuwa. Ta haka littattafan Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suka shiga gidaje har Kurmi. Amfanin wannan hanya shi ne ba mai hana ka fitowa. Illarta kuwa, marubuci shi ne mai jari, shi ne mai talla, shi ne mai bin bashi, in kuma aka saci littafinsa ba shi da mai tsaya masa.

DARASI DAGA JOS

Garin Jos ya ba da misalai biyu da ya kamata sabon marubuci ya duba. Na farko Helon Habila, ɗan Kaltungo, wanda ya yi karatu a Jami'ar Jos, kana ya gangara Ikko aikin jarida kamar yadda da yawa daga cikin masu karatunmu suka gangara neman abinci. A shekarar 2000 ya buga tarin gajerun labaransa da kansa. Ɗaya daga cikinsu ya ci gasar Caine ta marubutan Afirka a 2001, mai kyautar fam 10,000. A 2002 sai ga littafinsa Waiting for an Angel ya fito a Landan a hannun babban kamfani.

Na biyu Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, shi ma ɗalibin wannan jami'a. Ya ci gasar wasan kwaikwayo ta BBC a 2007. Wani ƙaramin kamfani na gida mai suna Parresia, wanda Richard Ali, shi ma tashin Jos, yake cikin waɗanda suka kafa, ya buga masa tarin labarai a 2012, ya kuma buga Season of Crimson Blossoms a 2015. Cassava Republic ya fitar da shi a Ingila a 2016, a shekarar ce kuma ya ci kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG, dala 100,000. Daga baya aka fassara shi da Faransanci da Jamusanci.

Abin lura a nan shi ne duka biyun ba su fara da neman ejan ba. Sun fara da gajeren labari, da gasa, da bugun gida. Sai da hajarsu ta fito fili aka ga kyanta, sa'an nan manyan kasuwanni suka buɗe. Dillali ba ya bin turken da ba a ga dabba ba.

IN ZA KA NEMA

Wanda ya yi rubutu da Turanci kuma yake son gwada sa'arsa a waje, ga hanya. Da farko ya gama littafin tukuna, ya ba masu ido su duba, ya gyara. Na biyu ya nemi sunayen ejan a kundin nan na Ingila mai suna Writers' & Artists' Yearbook, wanda ake bugawa tun 1906, ko ya buɗe shafin godiya na littattafan da suka yi kama da nasa, domin marubuta kan ambaci ejansu a nan. Ya fi mai da hankali kan ƙananan ma'aikata da suka fara tara nasu marubutan a cikin kamfani mai suna, gama su ne masu yunwar sabon hannu, manya kuwa hannunsu a cike yake. Na uku ya bi ƙa'idar kowane kamfani. Galibi sukan nemi gajeriyar wasiƙa, da taƙaitaccen labarin a shafi ɗaya ko biyu, da babi uku na farko. Amsa takan ɗauki wata biyu ko uku, wani lokaci ma ba ta zuwa. Kada wannan ya karya masa gwiwa.

Mai rubutu da Hausa kuwa ya san cewa ejan na Landan ba ya jin Hausa, sai an sami mai fassara. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat ya fito a 1990, amma sai a 2012 ya isa ga masu karatun waje, bayan Aliyu Kamal ya mai da shi Turanci wani kamfani na ƙasar Indiya mai suna Blaft ya buga. Kafin a kai nan, akwai ƙofofi na kusa. Akwai gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta. Akwai Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981, mai rassa a jihohi. Akwai kuma bukukuwan littattafai, kamar na Ake da aka fara a Abekuta a 2013 kafin ya koma Ikko, da na littattafan Hausa da aka fara a Kaduna a 2021. A irin waɗannan wurare ake haɗuwa da editoci ido da ido.

A YI HATTARA

Yanzu da waya ta shiga hannun kowa, 'yan damfara sun gano cewa marubuci mutum ne mai dogon buri. Za a aiko maka da saƙo a yabe ka har ka ji kunya, a ce an ga rubutunka za a kai shi Amurka, amma ka fara turo kuɗin rajista ko na karatu. To, ka tuna da kara. Ka tambaye shi sunayen littattafan da ya taɓa sayarwa da kamfanonin da suka saya, ka bincika da kanka. Kada ka aika da kwafinka guda ɗaya tak. Kada ka sa hannu a takardar da ta ce ka sallama haƙƙinka har abada, sai ka nuna wa lauya ko wani tsohon hannu a ƙungiyar marubuta. In kuwa kai ka zaɓi ka biya maɗaba'a ta buga maka, wannan ciniki ne na halal, amma ka san kai ne mai kaya, kuma kwafin duka naka ne.

Arewa tana da marubuta, tana da masu karatu daga Sakkwato har Fatakwal. Abin da ya rage shi ne amintattun masu shiga tsakani. Cikin 'ya'yan dillalanmu na Dilimi da Agege da suka yi boko, ba a rasa wanda zai iya ɗaukar wannan sana'a ya riƙe ta da amanar da iyayensa suka riƙe tasu. Allah Ya sa mu ga wannan rana, amin.